Gawar Da Ke Cikin Tulun Sanyi Ba Matafiyiya Ba Ce

Akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a WhatsApp da TikTok, wasu da Faransanci, wasu an ɗora musu muryar Hausa. Za ka ga manyan tuluna na ƙarfe a jere, farin hayaƙi na tashi daga bakinsu, sai mai magana ya ce wai Turawa sun gano hanyar tsallake zamani: a daskarar da mutum yau, a tashe shi bayan shekara ɗari biyu, ya buɗe ido cikin duniyar da aka gama da ciwon daji da tsufa. Suna kiran abin tafiya zuwa gaba cikin lokaci. Yaranmu na kwaleji sun gani, kuma suna kawo tambayar aji. Daga Cadakori har Gidan Runji, amsa iri biyu nake jin malamai suna ba su. Wani ya ce ai Bature babu abin da ya gagare shi. Wani kuma ya ce kafirci ne, a rufe maganar. Duka amsoshin biyu na ragwanci ne, kuma duka biyun suna cutar da yaro.

Bari mu fara da abin da ake yi a zahiri, domin mai bidiyon ya ɓoye kalma guda wadda ita ce kan zance. Kalmar ita ce gawa. Babu wata ƙasa da dokarta ta yarda a daskarar da mai rai, domin kisan kai ke nan. Sai likita ya tabbatar mutum ya mutu sannan ma'aikatan kamfanin suke zuwa. Su tsoma gawar cikin ƙanƙara, su janye jininta, su ɗura wasu sinadarai a madadinsa, su yi ta sauke zafinta a hankali har kwanaki, daga ƙarshe su zura ta, kai a ƙasa, cikin tulun ruwan azot (nitrojin, inji ƴan Najeriya), inda sanyi ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Kamfanin Alcor da ke Scottsdale a jihar Arizona ta Amurka yana karɓar dalar Amurka dubu 200 ko sama da haka kan jiki sukutum, wato fiye da miliyan ɗari na sefa. In kuɗinka bai kai ba, akwai rangwame: dala dubu 80, a yanke kai kaɗai a ajiye, sauran jiki a ƙone ko a binne. Wani kamfani a jihar Mishigan yana yi a dala dubu 28. Akwai irinsu a Rasha da Jamus da Sin. Duk duniya gawarwakin da ke cikin tulunan nan ɗaruruwa ne, ba su kai dubu ba.

Wanda ya yaɗa tunanin malamin makaranta ne kamarmu, Robert Ettinger, mai koyar da kimiyyar fizik a Mishigan, da littafin da ya fitar a 1962 aka sake bugawa a 1964. Mutum na farko da aka daskarar shi ne James Bedford, farfesa a Kalifoniya, wanda ciwon daji ya kashe yana da shekara 73, ranar 12 ga Janairun 1967. Ku riƙe wannan shekarar da kyau. A cikinta ne, ranar 3 ga Disamba, likita Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a birnin Kef na Afirka ta Kudu. Abubuwa biyu, haihuwar shekara ɗaya. Yau ana dasa zuciya dubbai kowace shekara, mutane na tashi su koma aiki, su aurar da ƴaƴansu. A ɗaya ɓangaren, cikin shekara fiye da hamsin, mutum nawa aka tayar daga tulu? Ko ɗaya. Kare fa, ko biri, ko ɓera sukutum? Ko ɗaya.

Masu kare sana'ar sukan ce ai jirgin sama ma an ce ba zai yiwu ba. Gaskiya ne. Amma ƴan gidan Wright sai da suka tashi sama a 1903, mutane suka gani da idonsu, kafin wani ya fara sayar da tikiti. Waɗannan kuwa tikiti suke sayarwa tun 1967, jirgin ko zanensa babu. Mu a nan cinikin biri a sama muke kiran wannan.

Me ya sa abin ya gagara? Nan ne aikin malamin kimiyya yake, kuma bayanin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin mutum ruwa ne. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa kwalbar da aka cika aka manta a firiza take fashewa. A cikin nama ɓarnar ta fi haka. Ƙanƙara takan fara kamawa a tsakanin ƙwayoyin halitta, ta riƙa zuƙe ruwan da ke cikinsu, su motse, gishirin da ya rage ya yi musu yawa, tsinin ƙanƙarar kuma ya matse su ya yayyaga. Duk matar da ta taɓa sa tumatir a firiza ta ga sakamakon: yana fitowa da kyansa kamar dutse, yana narkewa sai ya zube ya zama ruwa-ruwa. Ma'aikatan likitarmu ma sun san wannan. Allurar rigakafi irin Penta da ta tetanus ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in suka kuskura suka daskare sun lalace, sai zubarwa. Ruwan allura ke nan a ƴar kwalba, ina ga ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban ƴan'uwanta, kuma cikin wannan saƙar ne sunan uwarka da karatunka da halinka suke?

Kamfanonin sun san da wannan matsala, shi ya sa suke ɗura sinadaran da na ambata, don jiki ya sandare kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ta fito ba. Dabarar gaskiya ce, masana na amfani da ita. Sai dai sinadaran guba ne a yawan da ake bukata, ba sa ratsa ko'ina daidai cikin jikin da jininsa ya riga ya tsaya, kuma babban abu in ya yi sanyi irin wannan yana tsattsagewa daga ciki. Ga kuma ɓarnar da ta riga ta faru tun kafin su iso, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin mintuna kaɗan bayan numfashi ya yanke, alhali wata gawar sai ta yi awoyi, wata kwanaki, kafin ta kai hannunsu. Sannan uwa uba, ɗumamawa. Dole ko'ina ya ɗumu lokaci ɗaya kuma da sauri, in ba haka ba ƙanƙarar da aka guje wa a shiga ita za ta kama a fita. In duk an tsallake waɗannan, me ya rage a hannu? Gawar mutumin da ciwon daji ya kashe, da ciwon dajinsa.

Hujja mafi sauƙi ita ce wannan. Zuciyar da za a dasa wa wani, awa huɗu zuwa shida kawai take jurewa cikin sanyi bayan an cire ta. Saboda haka ne likitoci ke tsere da jirage, kuma gaɓoɓi da yawa ke lalacewa kafin su kai ga mai bukata. Da a ce ana iya daskarar da zuciya ɗaya tak a narkar da ita ta yi aiki, da kowane babban asibiti a duniya yana da rumbun zukata. Babu shi. Wanda bai iya ajiye zuciya ba shi ne yake yi maka alkawarin ajiye mutum. Ƙungiyar masana ilimin sanyaya halittu ta duniya a 1982 ta raba gari da masu wannan sana'a.

Yanzu ga inda nake rigima da ƴan'uwana malamai masu cewa duk ƙarya ce. Ba duk ba ne, kuma yaron da ke da waya zai gano hakan kafin la'asar. Tun 1949 wani masani a Ingila, Christopher Polge, da abokan aikinsa suka gano cewa gilisarin yana kare maniyyi daga ɓarnar daskarewa. Da wannan ilimin ne ake ajiye irin bijimai cikin ruwan azot ana yi wa shanu baye, har a nan Nijar, inda tashar kiwo ta Tukunus ke aiki kan shanun Azawak. A 1984 aka haifi jaririya ta farko a Ostareliya daga ƙwan da aka haɗa aka daskarar, kuma a shekarun nan an haifi jarirai a Amurka daga ƙwan da ya yi shekara talatin a tulu. A 2023 masana a jami'ar Minesota sun daskarar da ƙodar ɓera har kwana 100, suka ɗumama ta da wata dabara ta ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da maganaɗisu, suka dasa, ta yi aiki. Duk wannan ya faru. In ka ce wa yaro babu komai sai ƙarya, gobe ya ga hoton jaririn nan, to ka zubar da girmanka, kuma daga ranar mai bidiyo ya fi ka gaskiya a wurinsa, har a kan abin da kai ne mai gaskiya.

Abin da za ka nuna masa shi ne inda iyaka take. Ƙwan da ake daskararwa bai kai ƙwayar yashi ba, ƙwayoyin halittarsa ba su wuce ɗari da ɗoriya ba, sinadari na ratsa shi nan take. Ƙodar ɓera ba ta fi giram biyu ba. Ƙwaƙwalwar mutum ta haura kilo ɗaya, jikinsa kuma ƙwayoyi ne tiriliyan talatin. Bambanci na biyu ya fi wannan girma: duk abin da aka taɓa sanyayawa ya dawo, da ransa ya shiga. A 1999 wata likita ƴar Suwidin, Anna Bågenholm, ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙara a arewacin Nowe, ta yi minti 80 a ruwa, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, zuciyarta ta tsaya, amma likitocin Tromso suka farfaɗo da ita har ta koma aikinta. Masu tallar tulu suna son wannan labari ƙwarai. Sai dai matar ba ta daskare ba, kuma sanyin ya riga mutuwar ƙwaƙwalwa isa, shi ya kare ta na ƴan awoyi. Awoyi, ba ƙarni ba.

Ba ma sai mun je Nowe ba. Yaranmu sun san gaiwa. In tabki ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina, ta bar ƴar kafar shan iska, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Dattawa na cewa jikinta take ci, kuma masana sun tabbatar: naman jikinta take ƙonawa a hankali don ta rayu. Haka irin hatsin da manomi ya ajiye a zangarniya, haka iri-irin geron da ke ajiye a ɗakunan sanyi na cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai. Haka kututturan da Tony Rinaudo ya lura da su a gonakin jihar Maraɗi a 1983, waɗanda ake ɗauka ƙananan ciyayi ne ana sassabe su kowace shekara, alhali saiwoyinsu na raye a ƙasa, har manoman Ɗan Saga da sauran ƙauyukan Agiye suka mayar da su itatuwa. Waɗannan su ne masu tsallake rani na gaskiya, kuma kowanensu da ɗan ransa a ciki, komai ƙanƙantarsa. Ka kashe gaiwa ka tura ta cikin laka, ka zauna jiran damina ka gani.

Saboda haka kalmar tafiya ɗin nan ita ce babbar yaudarar. Matafiyi shi ne wanda ya isa. In dai zama ba tare da ruɓewa ba shi ne tafiya cikin lokaci, to kilishi ma matafiyi ne. Fir'aunonin Masar sun riga Bedford da shekara dubu uku. A nan ƙasarmu, a Gobero cikin Tenere, ayarin Paul Sereno da ya fita neman ƙasusuwan dabbobin da a shekarar 2000 ya tarar da maƙabarta mai kaburbura kusan 200, wasu sun haura shekara dubu tara. Mutanen nan sun iso zamaninmu da haƙoransu da awarwaronsu. Wa ya ce sun yi tafiya? In yaro yana son sanin ko kimiyya ta yarda da tsallake lokaci, akwai amsa ta gaskiya, kuma ta fi ta bidiyo daɗi. Einstein ya nuna cewa agogon mai tsananin gudu yana tafiya a hankali fiye da na wanda ke zaune, an kuma auna an gani. Ɗan sama jannatin Rasha Sergei Krikalev ya yi kwana 803 yana kewaya duniya da gudun kusan kilomita dubu 28 a awa, kuma ribar da ya samu a kanmu ita ce kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Irin tafiyar da ɗan Adam ya yi zuwa gaba ke nan, kuma da ransa ya yi ta.

Wasu kuma sukan jawo labarin Ashabul Kahfi, su ce ai ga shi a Alƙur'ani, shekara 309. Wannan cakuɗa ce, kuma iyaye su kula da ita. Samarin kogo barci suka yi, ba mutuwa ba, ana juya su, kuma aya ce ta Ubangiji, ba kwangila da kamfani ba. Mai jingina tulun Arizona da su yana neman aron rigar addini ne don ya yi talla. Amma kuma malami kada ya ɓuya a bayan addini don gudun bayani. Yaron ya riga ya san cewa mu gawa wanka muke mata, mu yi mata salla, mu kai ta makwancinta ba jinkiri. Tambayarsa ita ce ko abin yana aiki, kuma wannan tana da amsa a darasin kimiyya.

A ɗauka ma wata rana ilimin ya samu. Wa zai riƙe tulun kafin ranar? A nan sai a yi hattara, domin na ji masu cewa ai da an ɗauke wuta shi ke nan. Tulunan ba da wuta suke aiki ba, kamar babban filas ɗin shayi suke. Amma ruwan azot yana ƙafewa a hankali, dole wani ya riƙa ƙarawa mako bayan mako, ana biyansa albashi, shekara ɗari biyu ko uku, ba yaƙi, ba fatara, ba rigimar magada. Tarihin sana'ar kansa ya ba da amsa. Robert Nelson, mai gyaran talabijin da ya jagoranci daskarar da Bedford, ya ajiye wasu gawarwakin a maƙabartar Chatsworth ta Kalifoniya. Kuɗi suka ƙare, ya yi shiru, a 1979 aka buɗe aka tarar gawa tara sun narke sun ruɓe, dangi suka kai shi kotu suka yi nasara. A Faransa likita Raymond Martinot ya sa gawar matarsa a firiza a ƙarƙashin gidansa a 1984, shi ma da ya mutu a 2002 ɗansa ya sa shi kusa da ita. A 2006 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta ce doka ba ta yarda ba, cikin shekarar kuma na'urar ta lalace, aka ƙone gawarwakin biyu. Cikin duk waɗanda aka daskarar kafin 1974, Bedford kaɗai ya rage. Mu da muka ga sefa ta rasa rabin darajarta dare ɗaya a Janairun 1994, muka ga Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023 har layin Katsina zuwa Gazawa ya yi tsit, ba mu bukatar a koya mana abin da alkawarin shekara ɗari biyu yake nufi.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce wai mamaci ba shi da abin asara: in an binne shi babu dama ko kaɗan, in an daskarar akwai ƴar dama. Mamaci dai ba shi da asara. Matarsa da marayunsa fa? Yawancin masu shiga da inshorar rai suke biya, kuɗin da asalinsa don iyali aka ƙirƙiro shi, sai a juya shi zuwa ga kamfani. Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. A 2015 wasu iyaye a Tailan sun kai ƙwaƙwalwar ƴarsu mai shekara biyu, wadda ciwon daji ya kashe, aka ajiye a Arizona. A 2016 wata yarinya ƴar shekara 14 a Ingila, tana kan gadon mutuwa, ta je har kotu don a yarda a daskarar da ita, aka kai gawarta Mishigan. Ban ga laifin iyayen ba, ban ga na yarinyar ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma mu da muke binne yara kowane Agusta da Satumba saboda zazzaɓin cizon sauro mun san zafin. Laifin yana kan wanda ya ga wannan zafin ya yanka masa farashi. Mun san irinsa. Shi ne mai lasifika a kasuwa da kwalba ɗaya mai maganin basir da hawan jini da rashin haihuwa. Wancan farar riga yake sawa kuma da dala yake ciniki, amma ko shi mai lasifikar kana iya tare shi ran kasuwa mai zuwa ka ce maganinsa bai yi ba. Abokin cinikin wancan ba ya dawowa ƙorafi.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu, ko da yake babu ɗan Cadakori da zai taɓa shiga tulun. Yaron da ya haɗiye wannan bidiyo ba tare da ya tambayi wa aka taɓa tayarwa ba, shi ne gobe zai haɗiye na mai ninka kuɗi a waya, da na mai cewa allurar rigakafi tana hana haihuwa. Ƙofa ɗaya suke shigowa.

Darasin ba ya bukatar ɗakin gwaji. A samu tumatir biyu da ɗan irin gero busasshe, a roƙi mai sayar da ƙanƙara ya sa tumatir ɗaya da rabin geron a firizarsa kwana biyu. A kawo aji, a bar su su narke a faranti, yara su taɓa tumatir ɗin da hannunsu su kwatanta da ɗan'uwansa. Geron kuma a shuka shi a gwangwani biyu, wanda ya sha sanyi da wanda bai sha ba, a riƙa ba su ruwa. Duka za su tsiro, domin busasshen iri ba shi da ruwan da zai zama ƙanƙara ya yayyaga shi. Sai a tambayi yara: jikin mutum da wanne ya fi kama? A bar su su yi gardama.

In wani ya tambayi ina Bedford yake yanzu, a gaya masa. Iyalinsa ne suka karɓe shi da wuri suka yi ta ɗawainiya da tulunsa da kansu shekara da shekaru, shi ya sa bai bi sahun na Chatsworth ba, daga baya suka miƙa shi ga Alcor. A 1991 an buɗe don a sauya masa tulu, aka duba shi, aka ga alamun tsagewa a fatarsa, aka mayar. Yana can Scottsdale, ana ƙara masa ruwan azot.